Labarin Markoni da Wayar Iska

A zamanin da, in mutum yana so ya aika da saƙo wani gari mai nisa, sai ya tashi manzo, ko a ƙasa ko bisa doki, ya zauna yana jiran amsa kwana da kwanaki. Daga baya Turawa suka ƙago waya. Suka kafa turaku, suka miƙa zaren ƙarfe daga gari zuwa gari, har a shekarar 1866 suka shimfiɗa wadda ta ɗore a ƙarƙashin teku, tsakanin Turai da Amurka. Saƙon da a da ya kan yi kwana goma a jirgin ruwa, sai ga shi yana isa a ranar da aka buga shi.

Amma akwai inda waya ba ta iya zuwa. Ba a ɗaura wa jirgin ruwa waya ya riƙa ja a bayansa. Saboda haka in jirgi ya bar gaɓa ya ɓace wa ido, ba sauran mai jin labarinsa sai ran da ya iso. In kuwa ya gamu da hatsari a tsakiyar teku, ya kan nutse da mutanensa ba wanda ya sani. Wanda ya fi kowa ƙoƙari wajen maganin wannan abu shi ne Guliyelmo Markoni, kuma daga aikinsa ne rediyo ta samo asali.

ƘURUCIYARSA

An haifi Markoni ran 25 ga Afrilu, 1874, a Bolonya, wani birni na arewacin Italiya. Ubansa mutumin Italiya ne, mai gonaki da wadata. Uwarsa kuwa, Annie Jameson, mutuniyar ƙasar Ailan ce, saboda haka yaron ya tashi da harshe biyu a bakinsa, Italiyanci da Ingilishi. Suna da wani babban gida a ƙauyen Pontecchio, kusa da Bolonya, tuddai da gonakin inabi sun kewaye shi.

Markoni bai yi fice a makaranta ba, bai kuwa shiga jami'a ba. Yawancin karatunsa a wajen malaman da aka ɗauko masa ya yi shi. Amma tun yana ƙarami ba abin da ya ke so kamar sha'anin lantarki. Kullum a kan same shi da batir da guntayen waya, yana harhaɗawa yana kwancewa. Ubansa ya ɗauki abin ɓata lokaci ne, uwarsa ce ta tsaya masa. Tun yana saurayi kuma ya koyi buga waya. A buga waya ba murya a ke aikawa ba, kowane harafi yana da alamarsa ta gajeren bugu da dogon bugu. Harafin S, alal misali, gajeren bugu ne sau uku. Ku riƙe wannan harafi, za ku sake gamuwa da shi a gaba.

IGIYOYIN DA BA A GANI

In aka jefa dutse cikin tafki, sai a ga ruwa ya yi zobe, zoben yana faɗi yana tafiya ta kowane gefe har ya taɓa gaɓa. Wani masani mutumin Sikotlan, James Clerk Maxwell, ya nuna da lissafi tun wajen 1865 cewa lantarki ma yana iya tayar da irin wannan igiya a sarari, tana kuwa gudu daidai da haske, watau mil 186,000 cikin daƙiƙa guda. Shi a takarda ya tsaya. Sai a 1887 da 1888 wani Bajamushe, Heinrich Hertz, ya gwada abin. Ya sa tartsatsin lantarki ya yi tsalle tsakanin ƙarafa biyu a wannan gefe na ɗaki, sai ga wani ɗan ƙaramin tartsatsi ya fito jikin wani zoben waya a wancan gefe, alhali ba abin da ya haɗa su. Ta haka aka tabbata igiyoyin suna nan, ko da ya ke ido ba ya ganinsu.

Hertz ya rasu a farkon 1894, yana da shekara 36. A cikin shekarar nan ce Markoni, yana ɗan shekara 20, ya karanta labarin aikinsa. Ba shi kaɗai ba ne ya kula da abin. Oliver Lodge a Ingila, da Aleksandar Popov a Rasha, da Jagadish Bose a Indiya, duk suna bincike a kan igiyoyin nan, duk kuwa sun fi shi zurfin ilmi. Abin da Markoni ya sa gaba guda ɗaya ne: in igiya tana ƙetare ɗaki, me zai hana a sa ta ta ɗauki gajeren bugu da dogon bugu zuwa wani gari, ko zuwa jirgi a tsakiyar teku?

Can saman gidansu akwai wani ɗaki inda a da a kan yi kiwon tsutsar siliki. Nan ya shige ya kulle kansa, ya yi watanni yana gwaji. Ya yi amfani da wata 'yar siririyar kwalba mai garin ƙarfe a ciki, wadda wani Bafaranshe mai suna Branly ya ƙago. In igiya ta taɓa ta, sai garin ƙarfen ya haɗe, lantarki ya sami hanyar wucewa. Ya yi ta gyara ta, har ya zama in ya danna makunni a wannan kusurwa ta ɗakin, sai ƙararrawa ta kaɗa a waccan.

A 1895 ya fito da kayansa waje. Nan ya gane abin da ya ba shi nasara. Ya ga in ya binne bakin waya ɗaya cikin ƙasa, ya ɗaga ɗaya bakin sama bisa dogon itace, sai saƙon ya ƙara nisa ƙwarai. Wannan wayar da a ke ɗagawa sama ita a ke kira eriya. Ran nan ya aika wansa Alfonso da masu taimakonsa bayan wani tudu, nisan fiye da mil guda, suna ɗauke da na'urar karɓar saƙo da bindiga. Ba mai ganin wani. Markoni ya danna makunni, ya kasa kunne. Jim kaɗan sai ya ji ƙarar bindiga daga bayan tudu. Ashe igiyar tana wuce tudu ma.

A INGILA

A lokacin nan ba ƙasar da ta kai Ingila yawan jiragen ruwa, ga kuma dangin uwarsa a can. Saboda haka a watan Fabrairu na 1896 Markoni da uwarsa suka tafi Landan. A watan Yuni ya nemi takardar shaida ta gwamnati, wadda za ta hana wani yin amfani da dabararsa ba da izninsa ba. Babban injiniyan gidan waya na Ingila, William Preece, ya karɓe shi hannu biyu, ya ba shi mataimaka. A watan Mayu na 1897 suka aika da saƙo ta bisa ruwa a mashigin Bristol, nisan kusan mil 9. A shekarar nan aka kafa kamfaninsa, daga baya kuma aka buɗe masana'antarsa a garin Chelmsford. A watan Maris na 1899 saƙonsa ya ƙetare daga Faransa zuwa Ingila. Tun da ba a ganin wayar da ke ɗauke da saƙon, sai aka ce da abin wayar iska.

Daga nan Markoni ya ɗauri aniyar ƙetare tekun Atlantika. Masana da yawa suka ce ba zai yiwu ba. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: igiyoyin nan a miƙe su ke tafiya kamar haske, duniya kuwa kamar ƙwallo ta ke, saboda haka tsakanin Ingila da Amurka ruwan teku ya yi tozo mai tsayin fiye da mil 100. Markoni ba shi da amsar da zai ba su da lissafi, sai dai ya sha ganin saƙonsa ya isa inda ido ba ya kaiwa. Ya sa aka gina babbar tasha a Poldhu, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, aka kafa dogayen turaku 20 a kewaye, kowanne ƙafa 200. A watan Satumba na 1901 iska mai ƙarfi ta zubar da su. A watan Nuwamba kuma tashar da ya gina a gaɓar Amurka ta gamu da irin wannan ɓarna. Dukiya mai yawa ta tafi a banza.

Duk da haka bai fid da rai ba. Ya sa aka kafa turaku biyu a Poldhu, shi kuwa ya tafi tsibirin Newfoundland da mataimaka biyu, suka sauka a wani tsohon gini bisa tudu a garin St. John's. Tun da ba su da turaku, sai suka ɗaura eriya jikin balan-balan, iska ta tsinke ta tafi da ita. Suka ɗaura jikin wani abu marar nauyi na zane da sanduna, irin wanda iska ke ɗagawa sama, shi ma ya tafi. Suka sake ɗaga wani. Ran 12 ga Disamba, 1901, da rana tsaka, Markoni ya kanga abin sauraro a kunne. Cikin ƙugin iska sai ya ji gajeren bugu sau uku, watau harafin S, wanda aka shirya za a riƙa bugowa daga Poldhu, nisan wajen mil 2,100. Ya miƙa wa mataimakinsa George Kemp, shi ma ya ce ya ji.

Waɗansu ba su yarda ba, domin ba shaida sai kunnuwan mutum biyu, har yanzu ma akwai masanan da ke shakkar abin da aka ji ran nan. To, gani ya kori ji. A watan Fabrairu na 1902 Markoni ya shiga jirgin Philadelphia da na'ura mai rubuta saƙo a takarda, kyaftin ɗin jirgin yana shaida. Da dare saƙon Poldhu ya riske su har nisan mil 1,550, da rana kuwa bai kai rabin haka ba. Daga baya masana suka gano dalili. Can sama ƙwarai akwai wani sashi na iska mai ɗauke da lantarki, shi ke mayar da igiyoyin ƙasa kamar yadda dutse ke mayar da amsa kuwwa, ya fi kuwa yin haka da dare.

CETON RAI A TEKU

Ba a daɗe ba manyan jiragen ruwa suka fara ɗaukar ma'aikatan kamfanin Markoni. A watan Janairu na 1909 jirgin Republic ya yi karo da wani jirgi cikin hazo kusa da gaɓar Amurka. Mai wayar iska na cikinsa, Jack Binns, ya yi ta kiran taimako har jirage suka zo, aka ceci mutum fiye da 1,500. A shekarar nan aka ba Markoni lambar girma ta Nobel, tare da wani Bajamushe mai suna Braun.

A watan Afrilu na 1912 jirgin Titanic ya bugi dutsen ƙanƙara da dare ya nutse. Mutum wajen 1,500 suka halaka. Waɗanda suka tsira, su wajen 700, jirgin Carpathia ne ya tsamo su, shi kuwa ta wayar iska ya ji kira. Akwai wani jirgi da ya fi shi kusa, amma mai wayarsa ya riga ya kwanta barci. Bayan wannan aka kafa doka cewa manyan jiragen fasinja su riƙa sauraro dare da rana. A wannan shekara ce kuma Markoni ya yi hatsarin mota a Italiya, ya rasa idonsa na dama.

AIBIN DA YA ZAMA ALHERI

Wayar iska tana da wani aibi wanda ya daɗe yana damun Markoni. Waya ta ƙarfe daga mutum ɗaya zuwa mutum ɗaya ta ke kai saƙo. Igiyar lantarki kuwa kamar zoben ruwan tafki ta ke, ko'ina ta ke zuwa, duk mai na'ura yana iya tsintar saƙon da ba nasa ba. 'Yan kasuwa da sojoji ba sa son haka. A 1900 Markoni ya sami takardar shaida a kan wata dabara ta ba kowace tasha zangonta, don kada saƙonni su cakuɗe, ya kuma ce asiri zai rufu. Amma a 1903, ana cikin nuna aikinsa gaban manyan masana a Landan, sai wani mai wasan dabo, Nevil Maskelyne, ya aiko da saƙon ba'a daga wani gini, na'urar ta karɓa. Kowa ya gane wayar iska ba ta riƙe asiri.

Har wannan lokaci bugu kawai a ke aikawa. Wanda ya fara sa igiya ta ɗauki muryar mutum shi ne Reginald Fessenden, mutumin Kanada, a shekarar 1900, nisan wajen mil guda. Sa'an nan Ambrose Fleming a 1904, da Lee de Forest a 1906, suka ƙago wani irin ƙwai mai kama da ƙwan lantarki. Da aka kyautata shi sai ya zama yana ƙara wa siririn sauti ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, samari da yawa da suka koyi aikin wayar iska a soja suka koma gida, suka riƙa haɗa na'urorin sauraro da hannunsu.

A farkon 1920 injiniyoyin Markoni biyu, Ditcham da Round, suna gwada wata sabuwar na'ura mai aika murya a Chelmsford. Maimakon su yi ta maimaita kalmomin gwaji, sai suka shiga karanta labaru suna sa kiɗa. Sai ga wasiƙu suna zuwa daga mutanen da ba a yi nufinsu da saƙon ba, suna cewa sun ji, a ƙara. Jaridar Daily Mail ta ga haka, ta biya wata shahararriyar mawaƙiya mutuniyar Ostareliya, Nellie Melba, fam 1,000 don ta yi waƙa a tashar. Ran 15 ga Yuni, 1920, da maraice, ta tsaya gaban wani kan tarho da aka yi wa baki da katakon akwatin sigari, ta rera waƙoƙinta. Aka ji ta ko'ina cikin Ingila, da Paris, da waɗansu biranen Turai. Nan fa mutane suka farga. Abin da a ke kira aibi, watau kowa yana iya ji, ashe shi ne babban amfanin wayar iska. Mutum ɗaya zai yi magana, dubbai su ji shi a lokaci guda, kowa yana cikin ɗakinsa.

Hukuma ba ta yi murna da abin ba da farko. Aka kai ƙara cewa kiɗan yana shiga saƙonnin jiragen sama, gidan waya ya hana. A Amurka kuwa abin sai gaba ya ke yi. Ran 2 ga Nuwamba, 1920, tashar KDKA ta birnin Pittsburgh ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. Masu sauraro na Ingila suka yi ta roƙo har aka sassauta. A watan Fabrairu na 1922 ma'aikatan Markoni suka fara shiri na rabin sa'a kowace Talata, daga wata tsohuwar bukkar soja a ƙauyen Writtle. A watan Mayu suka buɗe tasha a gidan kamfanin da ke Landan. Sa'an nan kamfanin Markoni da waɗansu manyan kamfanoni suka haɗa kai suka kafa BBC. Ran 14 ga Nuwamba, 1922, aka karanta labaru na farko daga tashar nan ta Landan. Sau biyu aka karanta, na biyun a hankali, don mai son rubutawa ya rubuta. A lokacin nan duk mai akwatin rediyo ya kan biya sule goma a shekara.

Shi Markoni da kansa hankalinsa ya fi karkata ga aika saƙo nesa. Ya sayi wani jirgin ruwa ya sa masa suna Elettra, ya mai da shi ɗakin bincike. A 1923 da 1924 ya yi ta yawo da shi a teku yana gwada gajeren zango, ya ga yana kai saƙo ƙasashe masu nisa da ƙarfin lantarki kaɗan. Da gajeren zango ne BBC ta fara watsa shiri zuwa ƙasashen waje a 1932, ta wannan hanya kuma ta fara magana da Hausa a 1957.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Ɗan Adam tara ya ke, bai cika goma ba. A 1923 Markoni ya shiga jam'iyyar Musolini, wanda ya mulki Italiya da ƙarfin tsiya, ya kuma karɓi manyan muƙamai a hannunsa. Da Italiya ta kai wa Habasha yaƙin mamaya a 1935, Markoni ya goyi bayan wannan zalunci. Ya nemi ya yi magana a BBC don ya kare ƙasarsa, aka hana shi, ko da ya ke kamfaninsa yana cikin waɗanda suka kafa gidan. Wannan tabo ne a tarihinsa wanda ba a ɓoyewa. An kuma yi ta shari'a a kan wanda ya riga wani ƙago waɗansu dabarun, har a 1943 babbar kotun Amurka ta ce Lodge, da Nikola Tesla, da John Stone, sun riga shi a waɗansu daga ciki.

Markoni ya rasu a birnin Rum ran 20 ga Yuli, 1937, yana da shekara 63. Kashegari tashoshin wayar iska na ƙasashe da yawa suka yi shiru na minti biyu don girmama shi.

Ba Markoni ne ya gano igiyoyin lantarki ba, ba shi ne kuma ya fara sa su ɗaukar murya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko ilmin da ke ɗakunan masana ya fito da shi inda zai amfani jama'a, ya kuma nace sa'ad da aka ce ba zai yiwu ba. Ya fara ne don mutanen da ke cikin teku su sami mai jin kiransu, sai aikin ya kai inda shi kansa bai zata ba, har ya zama manomi a gonarsa da makiyayi a rugarsa suna jin labarin duniya a ranar da ya faru.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa waya ta ƙarfe ba ta amfani jiragen ruwa ba?
2. Wace dabara Markoni ya gane a 1895 wadda ta ƙara wa saƙonsa nisa?
3. Don me masana suka ce saƙo ba zai ƙetare tekun Atlantika ba?
4. Wane aibi ne na wayar iska ya zama alheri, ta yaya kuma?
5. Wane abu Markoni ya yi a ƙarshen rayuwarsa wanda ya zama tabo a tarihinsa?